Na Ce wa 'Yata Zuciyarta Rawa Take

Abla Nawal, babbar yayarmu mai ba da shawara, ki taimake ni, bakina ya jefa ni rami.

Ni direban tasi ne a birnin Tanta. Aji huɗu na yi a firamare, malamai suka raka ni ƙofa suna hamdala. Ban dariya kawai na iya. 'Yata Nirmin kuwa malamar makaranta ce, ban san inda ta gado ƙwaƙwalwa ba. Mako biyu tana haki, ba ta iya kwanciya sai a jingine, ni kuma babban likita ina ta ɗura mata shayin yansun, maganinmu na gargajiya. Ranar Talata muka je asibiti, aka manna mata wayoyi a ƙirji, takarda ta fito: layi dogo, gajere, dogo, gajere. Na ce wa likita injinsa ya lalace kamar mitar motata. Ko murmushi bai yi ba. Ya ja ni waje ya ce ruwa ne ya taru a jakar da ke lulluɓe zuciya, zuciyar na lilo a cikinsa, shi ya sa rubutun ke hawa da sauka. Hoton zuciya ya tabbatar. Sai an zuƙe ruwan da allura, in ba haka ba ya matse ta.

Kin san halinmu, ba a faɗa wa mara lafiya. Na roƙe shi ya yi shiru, na shiga na ce mata zuciyarta rawa take don ta ga kyakkyawan ubanta, har na rantse ba komai. Ta yarda, Abla! Yanzu ta ƙi allura, wai gobe za ta koma aji, ɗalibanta na jarrabawa, kuma Baba bai taɓa yi mata ƙarya ba. Sau uku ina shiga ɗakin, da na buɗe baki sai wasa ya fito. Yaya zan yi?

Uba mai dogon baki, Tanta

Baban Nirmin, tausayi ne ya sa ka ɓoye, kuma kusan kowane gida an taɓa yi. Amma zuciyar tata ce, ita za ta sa hannu, ba kuwa za ta sa ba muddin maganarka na tsaye. Ruwan nan ba ya jiran jarrabawa.

Ka koma yau ɗin nan. Kada ka shiga kai kaɗai, shiga da likitan. Naka bai wuce ka ce mata ka tsorata ka ɓoye mata ba, sauran bayani nasa ne. In kuka ya zo, bar shi ya zo, zai fi gamsar da ita. Rantsuwar ka nemi gafarar Allah daga baya.

Za ta yi fushi da kai, wataƙila har mako guda. Ka yi fatan ta samu numfashin yi maka faɗan. Allah ya ba ta lafiya, ya ba ka ƙarfin hali.