Ba'amurken da Ya Tare Amalanke

Jidda, Rajab 1396

Yaya Bashira,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, ɗan targaɗe ne kawai, kada ki gaya mata.

Amalanken siminti ne ya ƙwace a tashar jirgin ruwa, ya yo kaina. Shugabanmu Abdulghani, Ba'amurke da ya musulunta, ya duƙa, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya tare shi da kafaɗa.

Ashe a ƙwallon ƙasarsu aikinsa ke nan, tare ƙarti: shekara huɗu a jami'a, tara a babbar ƙungiya. Na tambaye shi ƙwallo nawa ya ci. Ya yi dariya ya ce, "Ko ɗaya. Yalla, tashi mu koma aiki."

Wasan ya cinye masa gwiwoyi, a zaune yake salla. Ki ce Inna ta sa shi a addu'a, ko ba ta san dalili ba.

Ƙaninki,
Rafi'u