A Garo Gawa Ba Ta Jiran Jirgi

Zuwa ga Shugabar ofishin da ke tsara ayyukan ɗana Nafi'u, a Legas.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyali da dukan ma'aikatanki. Yaya aiki, yaya gajiya, yaya haƙuri da jama'a? Allah ya ƙara rufa asiri.

Sunana Malam Isiyaku, tsohon malamin firamare, ina zaune a Garo ta ƙasar Kabo. Ni ne mahaifin Nafi'u, wanda yake rubuta kiɗa a takarda, irin wanda jama'a masu yawa ke zama da gogensu da sarewarsu suna karantawa suna bugawa, mutum ɗaya a gabansu yana kaɗa 'yar sanda. Na rubuta da Hausa domin Turancina ya yi tsatsa tun da na ajiye alli. Na aika wa jarida ne kuma domin kirana ba ya wuce teburin sakatariyarki. Idan kun rasa mai fassara, ga Nafi'u nan, in kun ba shi lokacin karantawa.

Ba kuɗi nake nema ba. Abin da yake aikowa ya fi ƙarfin tukunyar mutum ɗaya. Ba kuma sana'arsa nake ƙi ba. Ni na yardar masa tun yana ƙarami ya riƙa zuwa wurin Malam Bitrus, mutumin Filato da muka koyar tare a Gwarzo, ya koyi do-re-mi a kan tsohon ogan ɗinsa, abin kiɗan nan na coci. Mutane sun yi ta tsegumi a lokacin, ban saurare su ba. Damuwata daban ce, ga ta.

Na ɗaya. Ɗana ba shi da yini guda wanda yake nasa. Ranar da muka yi doguwar magana ta ƙarshe, bayan ƙaramar salla, ya jera mini abin da ke gabansa. Zai gama wani kiɗa kafin wata ya mutu, domin makaɗan wata ƙasa suna jira a ba kowa kasonsa su fara gwaji. Daga can zai wuce koyar da ɗalibai, ya dawo ya gyara kiɗan wani fim, ya je ya zauna alƙalancin wata gasa. Ya ce a cikin jirgi yake rubutu, a kan ɗan faifan da ake ɗora wa fasinja abinci. Yana faɗi yana dariya, ni kuwa tarin da ke tsakanin maganarsa nake saurare. Ya kuma bayyana mini cewa in ya shiga rubutu ko gwaji yana kashe waya, kira ya koma ofishinku. Na fahimci wannan. Ni ma ban taɓa son a ƙwanƙwasa mini ƙofa ina tsakiyar darasi ba. Amma darasi yana ƙarewa a buga ƙararrawa. Nasa har yau ban ji ƙararrawarsa ba.

Na biyu. Bara waccan, cikin damina, mahaifiyarsa Rabi ta rasu da sassafe. Malam Bitrus ya yi ta kira, ofishinku ya amsa da ladabi cewa Nafi'u yana cikin gwaji na ƙarshe, za a gaya masa da zarar an tashi. Kafin a tashi mun dawo daga maƙabarta. Ya iso bayan addu'ar uku. Na raka shi kabarinta, ya tsaya a kan ƙasar da ruwa ya riga ya daddaɓe, ya rasa abin da zai yi da hannuwansa. Daga baya ya rubuta mata kiɗa, an ce an buga shi a wani babban zaure, jama'a sun miƙe tsaye. Malam Bitrus ya kunna mini a wayarsa. A tsakiyarsa na ji luguden Rabi, yadda take ɗan jinkirta taɓarya a bugu na uku kamar mai tunani. Nafi'u ya riƙe wannan tun yana goye. Na ce a kashe, ban iya kai ƙarshe ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. A farkon wannan damina na faɗi a tsakar gida ina alwala. Maƙwabta suka kai ni asibiti a Gwarzo. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce zuciyar ta gaji, in daina zama ni kaɗai. Da na dawo na kira ɗana, sakatariyarki ta ɗauka. Yarinya ce mai tarbiyya, Baba take ce mini. Ta yi mini sannu, ta ce ayyukan Nafi'u a jere suke har bayan sabuwar shekara, ba wurin sa allura. Sannan ta rage murya ta ce kada in damu, idan, Allah ya kiyaye, wani abu ya faru, dangi su sanar da su ranar da aka tsayar don jana'iza, za su share masa wannan mako gaba ɗaya.

Na daɗe riƙe da wayar bayan ta kashe. Da na gaya wa Malam Bitrus, ya ce, "Isiyaku, kada ka riƙe ta a zuciya. A wajensu, har ma a wajenmu, gawa tana jira a ɗakin sanyi sai dangi sun taru. Alheri take nufi, tsarin mutuwarku ne babu shi a kalandarta."

Shi ya sa nake so in bayyana miki, Ranki ya daɗe, yadda nakan bayyana wa 'yan aji. A nan ba a tsayar da rana. Wanda ya cika da hantsi, za a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a yi masa salla a ƙofar gidansa, a ɗauki makara a kafaɗa. Kafin la'asar mutane suna zaune a kan tabarmi suna karɓar gaisuwa. Ba a jiran ɗan da ke Kano ma in hanya ta riƙe shi, balle wanda ke bayan teku. Makon da ofishinku ya yi alkawarin sharewa ba zai same ni ba. Tudun ƙasa Nafi'u zai tarar, kamar wancan karon.

Tun ranar nake cikin zulumi. In na idar da sallar asuba sai in kama tunanin a wace ƙasa ya kwana, da ko zai iso in abin ya zo yau. Kullum amsar ɗaya ce. In numfashina ya sarƙe ina hawa dakalin ƙofar gida, ba ciwon ne ke ba ni tsoro ba, wayarsa da ke kashe ce. Ina kuma jin tsoro dominsa. Na ga abin da rashin ganin uwarsa ya yi masa, ban san ko zai iya ɗaukar na biyu ba.

Don haka ina roƙon abu biyu. Ku ba Malam Bitrus wata lamba da za ta yi ƙara a aljihun Nafi'u ko da yana tsaye a gaban makaɗa. Sannan wannan makon da kuka ware wa jana'izata, ku ba ni shi yanzu, kafin a gama yankan dawa. Mako ɗaya ne dai, ba ƙari na nema ba, matso da shi kawai za a yi. Ya zo da takardunsa in ya ga dama. Ɗakin uwarsa yana nan a share, akwai tebur, babu mai damunsa sai kaji. Ba zan yi masa surutu ba. Ya ishe ni in ji motsinsa a gidan, in ga ya ci tuwo ya yi barci.

Idan makaɗa sun yi fushi, a ba su haƙuri a madadina. Su za su iya jiran kiɗa. Ni ba a ba ni wannan zaɓin ba.

Allah ya yi wa aikinku albarka, ya raya miki zuriya, ya sa ranar da kika tsufa kika kira ɗanki shi da kansa zai ɗauka.

Wassalam.

Malam Isiyaku,
Garo, ƙasar Kabo.