Na Hura, Amma Sun Ɗebi Jini

Daren Laraba, Dutse Alhaji

Tun da Oga ya ji ina haki a kan bene, ya ce ni direbansa sai an duba huhuna. Na san za a sa ni hura iska a bututu, shi ya sa na yi ta atisaye da balan-balan a bayan gida. Yau a asibiti na hura har idona ya yi ja, sai likita ta ce a ɗebi jini.

Na ce, "Likita, don ƙirji fa aka turo ni."

Ta ce, "Malam Sabo, huhu cike yake da ƙananan hanyoyin jini. In sun fara lalacewa sukan bar alama a jini, numfashi ma yakan ragu."

Wataƙila gaskiya ne. Amma jini ba a yi masa atisaye, kuma ban san wanda za a fara nuna wa sakamakon ba. Ko ni ne mai mugun zato?

Da na mayar da mota, Oga ya ce, "Huta gobe, Sabo. Yaron nan Sunday zai tuƙa ni."

Ya miƙo hannu, na ba shi makulli.