Gandun da Ka Raba

Zuwa ga Yaya Ilu,

Bayan gaisuwa, Allah Ya haskaka kabarinka. Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma maganar ta tsaya mini a wuya, kuma kai kaɗai ta shafa.

Gyaɗa ta faɗi warwas, Yaya. Na kora jakunanka har Kano da wadda ka bari, akawun kanti ko kallon kirki bai yi mata ba. Wai kasuwar Turawa ce ta mutu a can ƙetaren teku. To, mu mutanen ƙasar Gumel me ya haɗa mu da teku? Ɗan abin da suka ba ni haraji ya lashe, sauran gyaɗar na dawo da ita gida.

Ka tuna zamanin Baba? Gandu ɗaya, rumbu ɗaya, mai ƙarfi da mara ƙarfi duk akushi guda. Ko a shekarar yunwa, da ya fasa rumbun tsimi, ba mu binne kowa a gidan nan ba. Baba na rasuwa ka ce raggo na cin gumin mai himma, kowa ya ja gonarsa. Ka kori gero, ka zuba gyaɗa har bakin shinge. Shekara biyu kana shanawa, ka ɗinka babbar riga, kana ce mini manomin tuwo. Na ƙyale ka, don kai ne babba. Yau zan faɗa. Ka cuce mu, wallahi ka cuce mu. Ranar da muke zuba maka ƙasa ina kuka kamar yaro, ina kuma jin haushinka.

Matarka Hajara da yaranka uku ƙuli-ƙuli suke ci safe da yamma, har autanka ya fara zawo. Matata ta ce ai an raba, kowa ya ji da tukunyarsa. Maganarka ce fa ta maimaita! Geron namu ko mu kaɗai ba zai kai mu kaka ba.

Jiya dai na sauko da damin iri, wanda na ajiye don shuka, na miƙa wa Hajara ta sussuka. Yaranka sun ci tuwo sun ƙoshi. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, ni kuma ba ni da ƙwayar da zan jefa a rami.

Sai mun zo. Allah Ya yafe maka. Ni dai tukuna.

Ƙanenka,
Mati