Furar Mannir

Litinin, 11 ga Nuwamba, 2024
Uwargida Hannatu ta sake ɗauko maganar Mannir. Wai in je in ga sana'arsa a Ɗanzomo. Wace sana'a? Ni da na fara da dako a kasuwar Maigatari har na mallaki sito uku na hatsi a Gumel, ɗana ya bar min su ya tafi dama fura. Da digirinsa! Tun da ya tafi ban ɗaga wayarsa ba. Ta ce, "Alhaji, ya ce in ba ka sa albarka ba zuwa ƙarshen shekara, rufewa zai yi ya tafi Legas." Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Laraba, 13
Gobe sai garin Sule Tankarkar, sayen gero. Na gaya wa Dogo direba ban da tsaye-tsaye.

Alhamis, 14
An yi min taron dangi. Hannatu ta ce wai gas ya ƙare, ko ruwan shayi babu. Muka fita da yunwa. Muna shiga Ɗanzomo Dogo ya ce mota ta yi zafi. Motar da ko hanya ba ta ɗauka ba! Sai ya faka a ƙofar wani shago mai shuɗin fenti.

Mannir ne ya fito. Ya rame. Ya durƙusa har ƙasa, "Baba, sannu da hanya." Na amsa ina kallon taya.

Wurin da tsafta, gaskiya. Injin niƙa, firji mai sola, mata huɗu suna cura fura, Fulani na sauke kindirmo. Wata tsohuwa a cikinsu ta ce, "Kai ne uban maigidanmu? To hancin dai naka ne, fara'ar ta uwarsa." Dogo har da riƙe ciki.

Ba a roba ya kawo min furar ba, a ƙwarya, da ludayi. Na ce ni ba na shan fura da safe. Na ɗanɗana don kada a ce. Citta da kanumfari sun ji. Amma geron! Tsohon gero ne, ya fara warin rumbu, an yi masa sirki da sabo a saman buhu. Ban ankara ba sai na ji na ce, "Wane ɓarawo ne ya sayar maka da wannan?" Ya ce wani dillali. Na ce buhu ba a duba shi daga baki, tsuko, ƙarfen nan mai tsini, ake zurawa ta ciki, a zaro ƙwayar a tauna. Na sa aka kawo buhun na nuna masa. Ya tsaya yana kallon hannuna kamar lokacin da yake ƙarami. "Baba, ai ba ka taɓa koya min ba." Ƙarya yake. Ko kuwa?

Dogo ya ce ƙwarya biyu na sha. Ɗaya da rabi ce.

Juma'a, 15
Hannatu ba ta tambaye ni komai ba, sai murmushi. Gas ya dawo da kansa.

Lahadi, 17
Na sa an loda wa Dogo sabon gero na bana, wanda na zaɓa da hannuna, ya kai Ɗanzomo. Sito ne ya cika, ba wani abu ba. Kuma ba zan bari a ce jinina aka cuta a harkar gero ba, a ƙasar Gumel.

Mannir ya kira da yamma. Hannuna ne ya taɓa wayar. Tunda ta riga ta ɗauku, na ce masa ya rage sukari, kuma Alhamis ina tafe, ya ajiye min furata, ba a firji ba.