Abin da Ba a Faɗa Mana Ba Ranar da Aka Yi wa Hamza Rigakafi

Zuwa ga jami'in da ke kula da allurar rigakafi a yankinmu, Gombe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata aiki na tafiya lafiya.

Ranka ya daɗe, ni fataucin shanu nake yi, ina zaune a Arawa. Ba na cikin masu gudun rigakafi, 'ya'yana duka an yi musu tun suna jarirai, ga kuma kukana.

Na farko, an yi wa ɗana Hamza, mai shekara goma sha biyar, allura a makaranta lokacin zafi. Bayan 'yan kwanaki cinyoyinsa da kafaɗunsa suka riƙe, ya kasa tashi daga tabarma, fitsarinsa ya koma kalar shayi. Goggona ta ce ciwon shawara ne. Kun san mutanenmu, an yarda cewa mai wannan ciwo in allura ta taɓa shi sai gawa, don haka ba a kai shi asibiti. Aka shiga ɗura masa jiƙo. Sai da fitsarin ya kusa ɗaukewa muka kwashe shi zuwa asibiti.

Likita ya ce tsokar jikinsa ce ke lalacewa, dattinta yana toshe ƙoda. Bai ɗora wa allurar laifi kai tsaye ba. Ya ce ana zargin tana iya jawo haka, amma da wuya ƙwarai, kuma ƙwallon da yaron ya buga cikin rana ma yana iya jawowa. Abin da ya tabbatar shi ne, da mun zo da wuri, da ƙarin ruwa ya wadatar.

Na biyu, babu wanda ya gaya mana alamar da za mu lura da ita. Ko malamin dabbobi in ya yi wa shanuna allura, ba ya tafiya sai ya faɗi abin da in na gani zan neme shi. Ɗana bai kai maraƙi daraja ba ne?

Na uku, da na je ofishinku kai rahoto, wani ma'aikaci ya ce in rufa asiri kada a tsorata jama'a. Wannan ya ƙona mini rai. Ai mai ciwo ba ya ɓoyuwa, duk layinmu sun ga an ɗauko Hamza ranga-ranga, kowa kuma ya yanke nasa hukuncin.

Roƙona shi ne a bincika lamarin yaron nan, a faɗa mana sakamako ko da zai wanke allurar. A kuma riƙa gaya wa iyaye da Hausa da Fulatanci cewa ciwon tsoka da baƙin fitsari na asibiti ne, ba na jiƙo ba.

Har yau ana auna ƙodar Hamza, likita bai ce ta warke ba. Ƙanwarsa ce ke kan layin allura yanzu. Ni ina so a yi mata, uwarsu ta ce sai na kawo mata amsarku.

Allah ya yi muku jagora, ya tsare naku 'ya'yan.

Wassalam.

Mahaifin Hamza,
Arawa, Gombe.