Ƙyallen Gida na Ɗari

Asabar, 4 ga Fabrairu

Na ce bana ba zan ɗinka wa kowa bargo ba, ga shi ko wata biyu ba a yi ba na karya maganata. Maƙwabciyata Dou Fengying ta shigo da kwando cike da ƙyallaye, wai surukarta Yanru na da ciki, a fara bargon gida ɗari. Fengying ce za ta bi gida-gida tana roƙon ƙyalle tana ba da alewa, don jaririn ya rayu da albarkar gida ɗari. Ni kuma in haɗa. Ta sha shayina kofi biyu, ba ta ce in sa nawa ƙyallen ba. Shekara talatin da ɗaya ke nan ba wanda ya taɓa cewa. Allurata ba ta da laifi, tsumman gidana ne mai kashe 'ya'ya.

Laraba, 19 ga Afrilu

Na gama bargon aure biyu, shimfiɗar gado uku. Nawa da na yanka tun bara yana nan cikin leda. Na ɗana Tiedan kuwa ban ma buɗe akwatin ba.

Juma'a, 9 ga Yuni

Fengying ta kawo wani jan ƙyalle mai santsi, wai daga gidan shugaban ƙauye, lallai a tsakiya zan sa shi. Na ce mata wannan wanki ɗaya zai zuba, ya ɓata na kusa da shi. Ta ce, "Ke dai ɗinka, Sulan, zaɓi ba naki ba ne." A ɗakina, a kan gadona! Da ta fita na jiƙa shi a ruwan gishiri, don ba zan bari rashin hankalinta ya ɓata mini aiki ba.

Lahadi, 27 ga Agusta

Ƙyalle tamanin da shida. Rabin ƙauyen sun koma birni, ƙofofi duk kwaɗo. Fengying har tsallaken kogi take zuwa da sandarta, ta wuce ƙofata safe da yamma. Taku goma sha biyu ne tsakaninmu, na ƙirga. Haushi ya hana ni cin taliyar da na murza da hannuna.

Talata, 17 ga Oktoba

Yanru ta haihu makon jiya, namiji, ɗan mitsitsi. Ƙyalle casa'in da tara. Na bar gurbin a buɗe. Fengying ta ce in yanka ɗaya biyu, wa zai sani? Na ce ni zan sani, kuma ban taɓa yi wa jariri ƙarya da allura ba. Ta fita tana ƙunƙuni. Ta gwammace ha'inci da ta buɗe baki ta roƙe ni.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Yanru ce da kanta ta zo roƙon ƙyallen gidana, ta naɗe kai da gyale, da alewa uku a tafin hannu. Na ce ta koma kafin uwar mijinta ta tsine mana duka. Ta ƙi tashi.

"Goggo, kowane yaro a ƙauyen nan cikin ɗinkinki ya girma. Har mijina."

"Nawa bai girma ba," na ce mata. Wata biyu Tiedan ya yi a duniya. Bargonsa na kan ƙyalle tamanin da bakwai zazzaɓi ya ɗauke shi. Ta ce ta sani, shi ya sa take so. Wai wanda ya san zafin abin ya fi kowa yi wa ɗanta fata.

Na yi mata faɗa sosai kan fitowa cikin sanyi. Sannan na buɗe akwatin, na yanko hannun 'yar shuɗiyar rigarsa. Na cike gurbin da shi.

Lahadi, 31 ga Disamba

Aikin bana: bargon aure biyu, shimfiɗa biyar, na gida ɗari ɗaya. Nawa na leda bai motsa ba, sai baɗi, in ji ni kamar kullum.

Yaron ya yi kumatu. Shuɗin ƙyallen na sa shi a gefe, daidai inda hannunsa ke kamawa. Jan shugaban ƙauye yana can wajen ƙafa, inda ya dace da shi.

Na ɗauka Fengying za ta tayar da ƙauye. Sati biyar ba ta ce mini kanzil ba. Yau da hantsi ta shigo, ba gaisuwa, ta ajiye wani ƙyalle mai furanni a kan gado. Ta ce wancan karon da nake bin gidaje don bargon Tiedan ita tana wajen iyayenta, ba ta bayar ba. Ta tsaya ƙiƙam, ashe alewarta take jira. Na miƙa mata ɗaya cikin na Yanru don ta bar mini ɗaki.

Bayan shekara talatin da ɗaya! Ban yafe mata ba, kuma ƙyallen ma bai da kyau.

Na Tiedan ya zama ƙyalle tamanin da takwas. Ba cewa na yi zan gama ba. Na dai bar akwatin a buɗe don ya sha iska, zaren kuma dama yana cikin allura.